Ƙwaryar da Kawu Bai Buɗe Ba

A gidanmu, idan yaro ya kai wa babba abin da hannunsa ya fara nomawa, babban ba ya buɗewa. Za ka rufe ƙwaryar da faifai, ka durƙusa, ka miƙa. Shi kuma ya ɗora hannu a kan faifan, ya yi addu'a, ya kira matarsa ta shiga da ita ciki. Buɗe ta a gaban wanda ya kawo cin fuska ne, kamar ka ce masa ba ka yarda da aikinsa ba. Haka na tarar ana yi a ƙauyenmu da ke kusa da Samaru Kataf, kuma zuwan coci bai kashe al'adar ba, sai ma ya ba ta suna. Muna ce mata nunan fari.

Ni kawuna na kai wa tawa. Mahaifina ya rasu ina ƙarama, wan mahaifiyata ne ya tsaya mana. Ina firamare aka yanka mini 'yar gona a bayan gida, na shuka gyaɗa a makare saboda taurin kai, don an ce in jira a nuna mini na ce na iya. Da na cire, na cika ƙwarya, na rufe, na kai masa ina tafiya kamar wadda ta noma gari guda. Ya ɗora hannu, ya yi addu'a mai tsawo. Sai da na girma matarsa, wadda duk muke kira Mama, ta gaya mini tana dariya cewa rabin gyaɗar fanko ce, kaji ma sun duba sun wuce.

Kawu malamin aikin gona ne, kuma dattijon ikilisiya. Ɗalibansa sun fi tsoron jan bironsa fiye da jarrabawa. Na taɓa ganin takardar wani da ya gyara, ja ya fi baƙi yawa, a ƙasa kuma ya rubuta masa cewa ya koma gona ya sake dubawa da idonsa. Ni ma aikin gonar na karanta, na sami koyarwa a Kafanchan. Tun ranar da na shiga ofis na san abin da ake faɗa a bayana: 'yar gidan wane ce, kawunta ne ya kama mata hannu. Ba wanda ya faɗa a gabana, don an san bakina. Amma ina jin shi a yadda ake gaishe ni, kuma yana cina ƙwarai.

Bincikena na farko a kan ajiyar irin citta ne. Duk wanda ya tashi a yankinmu ya san wahalar. Ka haƙe citta, ka ware iri, ka binne a rami ka rufe da ciyawa, sai damina ta matso ka buɗe ka tarar wani ya ruɓe, wani ya bushe ya zama itace. Na ji wasu tsofaffi suna barbaɗa toka a ramin, na ce bari in gwada in gani ko da gaske tana hana ruɓa. Na haƙa ramuka a gidan mahaifiyata, wasu da toka, wasu babu. Na yi ta zirga-zirga a motar haya tsakanin Kafanchan da gida, ina tona, ina aunawa, ina rubutawa, har farcena ya daina yin fari. Ramukan toka suka fi sauran kyau nesa ba kusa ba. Ban ƙara komai ba, ban rage ba, abin da na gani shi na rubuta.

Wanda bai san yadda ake buga irin wannan aiki ba, ga yadda yake. Ka aika wa mujallar masana takardarka. Edita ya cire sunanka, ya tura wa mutum biyu da suka san fannin, waɗanda ba su san ka ba, kai ma ba za ka taɓa sanin su ba. Su ne masu tantancewa. Su karanta, su tona, su nemo inda ka yi kuskure, su ce a buga, ko a gyara, ko a watsar. Duk darajar mujalla a kan mutanen nan biyu take.

Ƙungiyar malaman aikin gona ta yankinmu tana da mujallarta, kuma a lokacin Kawu ne babban edita. Na so in kai wani wuri, amma na waje sukan riƙe takarda har mutum ya manta ya aika, ni kuma lokacin ƙarin girma ya matso. Na kai masa da kaina har gida, a cikin ambulan. Na ce, "Kawu, don Allah kada ka sa hannu a ciki. Ka bar su su yi mini yadda suke yi wa kowa."

Ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Ni ɗan aike ne kawai, 'yata."

Ba a daɗe ba amsa ta zo. Na farko ya ce aikin yana da tsabta, a buga. Na biyun ne ya shiga raina. Ya ce wanda ya yi wannan bincike mutum ne mai haƙuri da ya san ƙasa da hannunsa, ba daga littafi kawai ba, kuma bai ga abin gyarawa ba. Na karanta a ofis, na rufe ƙofa, na yi kuka. Ga wani can da bai san sunana ba, bai san kawuna ba, bai san mace ce ko namiji ba, ya duba aikina ya ce ya isa. Har siffa na yi masa a raina: tsoho mai furfura a wata jami'a mai nisa, mai tsanani, wanda yabo yake yi wa wuyar fita daga baki. Duk ranar da wani ya yi mini kallon 'yar gidan wane, sai in tuna tsohon nan in ɗaga kai.

Da na tsaya a nan, da sauƙi. Amma ni ba na iya riƙe abin alfahari a ciki. Na gaya wa mijina har ya haddace. Na gaya wa ɗalibai shekara bayan shekara, a darasin ajiyar iri. Na je taron zumuntar mata na koya musu zuba toka, suka yi mini waƙa. Akwai wani abokin aikina, mutumin Kujama, mai sanyin hali, wanda ya nace sai mujallun waje. Takardarsa ta yi ta dawowa da gyara shafi-shafi, yana zama yana bi ɗaya bayan ɗaya. Wata rana a ɗakin malamai na leƙa abin da yake yi, na ce, "Kai har yanzu kana nan? Ni tawa ko waƙafi ba a taɓa ba." Aka yi dariya. Shi ma ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa. Yau idan na tuna maganar nan sai kunya ta kama ni.

Shekaru suka wuce, Kawu ya yi ritaya ya koma gida, idonsa ya fara rauni. Sai labari ya faɗo a wayoyinmu cewa masu lura da mujallun da aka amince da su sun cire tamu daga cikin sahun. Wai sun gano cewa yawancin masu tantancewarmu ba su taɓa ganin takardun da aka ce sun duba ba, wasu ma sunayen babu mai su. Ƙungiya ta kafa kwamiti, kwamiti ya zauna, aka kira mu taro. Shugaban ya tashi ya karanta hukunci da murya ƙasa-ƙasa: an rufe mujallar, an janye duk abin da aka buga a shekarun da ake zargi, sai wanda ya kawo shaidar cewa mutum na gaske ya duba nasa. Ba a ambaci sunan Kawu ba. Ba a bukata, kowa ya san shekarun wa ake nufi, kuma rabin ɗakin suna satar kallona.

Na ji kunya saboda Kawu, na ji haushinsa, amma gaskiya ban ji tsoro don kaina ba. Na ce a raina, waɗancan su suka sani, ni dai tawa ta gaske ce. Ina da tsohona. Abin da ya rage kawai in je Kawu ya gaya mini sunansa, in kai wa kwamiti, a fitar da takardata daga cikin tarkacen. Ranar Asabar na sa kwafin mujallar a jaka, na hau mota zuwa Samaru Kataf, daga nan na hau mashin zuwa gidan Kawu.

Ruwan farko ya riga ya sauka, mutane sun fara buɗe ramuka. Na tarar da Mama a tsakar gida a kan tabarma, ta zube irin citta tana ɓallawa ƙanana don shuka, hannunta fari fat da toka. Tun ranar zumuntar matan nan ba ta sake binne iri babu toka ba. Ta ce Kawu yana ciki ya ɗan kwanta. Kwana biyu ba ya fita, ko Lahadi ya ce a bencin baya na coci zai zauna, ba a kujerar dattawa ba. Na zauna ina taya ta, ita kuma ta shiga faɗa da mutanen da ba sa wurin.

"Mutane ba su da godiya," ta ce. "Wa ne bai taimaka ba? Yaran nan da suna zagin shi yanzu, da jonal nan suka samu furomoshin. Ko ke, ranan da kin kawo fefa naki, a kujeran nan ya zauna ya rubuta duka biyun. Ni na kawo mishi shayi."

Na ce, "Duka biyun me, Mama?"

"Abin nan da mutane biyu suna rubutawa. Ya ce mini, wannan na farin ta ne, ba zan bar baƙo ya taɓa ba. Har ya tambaye ni yaya zan faɗa halinki. Na ce mishi, ka ce tana da haƙuri a gona, ta san ƙasa da hannun ta." Ta yi dariya tana ɓalla citta. "Haƙuri a gona kawai na ce fa, ba a gida ba."

Da alfahari ta faɗa, tana kare mijinta. Ni kuwa na zauna da guntun citta a hannu na kasa ajiyewa. Tsohon nan mai furfura da na yi shekaru ina jingina da shi, ashe Mama ce da kofin shayi. Na tuna ɗaliban da na gaya wa, da matan da suka yi mini waƙa, da mutumin Kujama, duk suka zo mini a lokaci guda. Ban taɓa jin kunya irin wannan ba, har na ji kamar tufafin jikina ba nawa ba ne.

Kawu ya ji muryata ya fito yana lalube bango. Ya rame. Na gaishe shi a durƙushe yadda aka saba, don ko fushi nake yi gwiwata ta riga ta saba. Ya zauna a kujerar. Ban yi wani kewaye ba.

"Kawu, Mama ta gaya mini. Tambaya ɗaya zan yi. Kafin ka rubuta, ka karanta?"

Ya ce, "Me zan karanta? Ke kika kawo. Da hannu biyu kika miƙo mini."

"Na ce maka kada ka sa hannu."

"Kin faɗa. Na riga na rubuta sunan wanda zan aika wa. Mutum ne mai zafi, na san shi, zai yayyaga ta. Sai na tuna ranar da aka binne babanki, kina riƙe da wandona. Na ce nunan farin marainiya ba zai je hannun wanda zai buɗe ya wulaƙanta ba. Na ɗora hannu a kan ambulan na yi addu'a. Shi ke nan."

Na ce, "To sauran fa? Su ma marayu ne?"

"Da ke na fara," ya ce. "Kafin ke ban taɓa yi ba. Da na ga ba abin da ya faru, sai ɗan fasto ya kawo tasa. Sai wani da muka yi makaranta da babansa. Daga baya masu tantancewa suna jan ƙafa, madaba'a tana jira, na ce ai na san fannin. Waɗanda suka gaje ni suka tarar da hanya a share, suka bi."

Na zo ne ina ganin an jefa takardata mai tsabta cikin tarkacen wasu. Yanzu ga shi ana gaya mini ita ce ta fara buɗe ƙofar. Na miƙe na ɗauki jakata. Maganganu sun cika mini baki, munana, kuma na iya su. Na so in ce masa ya cuce ni da ƙauna, ya mayar da ni abin da ake faɗa a bayana. Amma na dube shi, tsoho da ya biya mini makaranta yana tafiya da takalmi mai faci, yana kallon inda yake zaton fuskata take, ya ɗan kauce. Na kasa. Kuma ko na zage shi, abin da nake nema ba zai fito daga zagin ba. Shekara da shekaru ke nan, babu mahaluki ɗaya da ya san fannin da ya karanta aikina. Ban san ko yana da kyau ko ba shi da shi ba.

Na koma na zauna, na ciro mujallar. Na ce, "To yau za ka karanta."

"Idona ba ya gani, 'yata."

"Kunnenka yana ji. Ni zan karanta, kai ka tsayar da ni. Yadda kake yi wa ɗalibanka."

Ya girgiza kai. "Ba a buɗewa a gaban mai ita."

"Ni na kawo, ni na buɗe. Laifin yana kaina."

Ban jira ya yarda ba, na fara. Na karanta gabatarwa, ya sunkuyar da kai, har na zaci ya ƙi ne. Mama ta ci gaba da ɓalla cittarta tana kallonmu. Na shiga bayanin yadda na haƙa ramukan, zurfinsu, irin ciyawar da na rufe da ita, da inda kowanne yake. Sai na ga ya ɗaga kai, ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Tsaya. Maimaita wurin nan."

Muryar ta canza. Ba ta kawuna ba ce, ta malamin nan ce mai jan biro. Na maimaita: ramukan toka a ƙarƙashin mangwaron bayan gida, marasa toka a gefen gona.

"Duka na tokan a ƙarƙashin mangwaro?"

"Duka. Can ne kusa da murhu, ya fi sauƙin ɗebo tokar."

"Gefen gonar uwarki akwai itace?"

Na san gonar kamar tafin hannuna. Babu ko ɗaya, rana tana dukan wurin daga safe har yamma. Kafin ya ƙarasa na riga na gani.

"To me ya hana irin ruɓa," ya ce, "toka ko inuwa?"

Abu ne da nake kayar da ɗalibai a kansa duk shekara. Na rubuta shi da hannuna a shafi na biyu, na karanta takardar nan ban san iyaka ba don jin daɗi, ban taɓa gani ba, saboda an riga an gaya mini babu abin gyarawa. Shi kuwa ji ɗaya ya yi. Da ya buɗe ambulan ɗin nan a ranar, da na yi fushi na mako guda, na koma na sake haƙa ramuka.

Mama ta dubi hannunta, ta dube ni. "To tokan fa? Yana aiki ko ba ya aiki?"

Na jira Kawu ya amsa, ya bar mini. Na ce, "Ban sani ba, Mama."

Ta ce, "Hm," ta kakkaɓe hannunta a zani, ta tashi ta shiga kicin.

Muka zauna mu biyu. Na ga hawaye yana bin gefen hancinsa, bai share ba. Ni ma fuskata ba ta bushe ba, kuma a ƙarƙashin kunyar akwai wani abu da ban zata ba, wata irin natsuwa, don a karon farko wani ya ɗauki aikina da nauyin da zai ce mini na yi kuskure. Ya miƙa hannu ya laluba aljihun rigarsa, ya ciro biro, ya miƙo mini. Ja ne, har yanzu yana yawo da shi.

"Ja layi a ƙarƙashin wurin," ya ce. "Ki rubuta a gefe: a koma gona a sake dubawa."

Na rubuta da hannuna, a kan sunana da aka buga.

"Shafi nawa ya rage?"

"Da yawa, Kawu."

Ya gyara zama, ya juyo mini da kunnensa mai ji sosai.

"Ci gaba," ya ce.